Man da ake tatsa daga amfanin gona: talaka ya ci riba ko ya yi asara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a kudancin Jihar Kebbi. Wasu mutane sun zo mana da maganar kafa masana'antar da za ta riƙa mayar da rogo da rake man mota. Suna son a ba su fili mai yawa, sauranmu kuma mu riƙa noma muna sayar musu. Sun ce haka Birazil ta yi har ta yi arziki. Dattawanmu na cewa abinci zai yi tsada, matasa kuma na murnar samun aiki. Don Allah a yi mana bayani: a ƙasashen da suka gwada wannan abu, talaka riba ya ci ko asara ya yi?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri da ka kawo maganar tun ba a sa hannu ba, domin galibi irin wannan tambaya ba ta iso mu sai an riga an shata fili an kafa turaku. Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, me wannan sana'a ta yi wa talakawan ƙasashen da suka riga mu shiga cikinta. Ta biyu, ku da ke zaune a kan ƙasar da ake nema, yaya za ku yi. Aikina nazarin tattalin arzikin noma ne, kuma na daɗe ina zama da ƙungiyoyin manoman da ke noma wa kamfanoni rake da shinkafa da rogo bisa yarjejeniya. Zan amsa da abin da ya faru a waɗancan ƙasashe da kuma abin da idona ya gani.

Dattawanku da matasanku kowa yana da tasa gaskiyar, sai dai abin da ya fi yanke hukunci ba ya cikin gardamarsu. A kusan duk inda na duba, abu biyu ne suka raba wanda ya samu da wanda ya tagayyara: ko gonar ta ci gaba da zama a hannun manomi, da kuma ko abin da ya shuka yana da wani mai saye ban da masana'antar.

Labarin Birazil da ba a cika ƙarasawa ba

Man nan iri biyu ne. Akwai itanol, wanda ake samu daga abu mai zaƙi ko mai sitaci, kamar rake, masara, rogo da dawa, a gauraya shi da fetur. Akwai kuma dizal na tsirrai, wanda ake yi da manja, man waken suya, man zurma ko na bini-da-zugu. Tan ɗaya na rake yana ba da lita 80 ko ɗoriya kaɗan, na masara kusan lita 400, na ɗanyen rogo kuwa wajen lita 160. Ka riƙe wannan adadi na rogo, za mu koma kansa.

Waɗanda suka ambata muku Birazil ba su yi ƙarya ba. Bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da ƙasar ke sayo mafi yawan man da take sha daga waje, gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975. Ta ba masu masana'antar sukari rance mai sauƙi, ta wajabta gauraya itanol a fetur, ta sa kamfanin mai na ƙasa ya saya ya rarraba. Daga 2003 aka fara sayar da motocin da ke shan fetur ko itanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha, kuma yau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin ƙasar itanol ne. Sun adana kuɗin waje masu yawa, garuruwan rake na jihar Sao Paulo sun bunƙasa, masana'antun kuma suna ƙona tuƙar rake su sami wutar lantarki har su sayar da rarar.

Amma Birazil ta shiga wannan harka tana da masana'antar sukari mai ɗaruruwan shekaru, da ruwan sama wadatacce, da cibiyoyin binciken da suka yi shekaru suna inganta irin rake. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1980, da ɗanyen mai ya yi araha sukari ya yi tsada, masana'antun suka koma sukari, gidajen mai suka rasa itanol, masu motocin da ba sa shan komai sai shi suka shiga layi. Gonakin kuwa na manyan masu ƙasa ne. Rabon talaka shi ne yankan rake: 'yan ci-rani daga arewa maso gabashin ƙasar, ana biyansu gwargwadon nauyin abin da suka sara, mutum ya kai tan 10 a yini. Da aka daina ƙona gonaki aka kawo injinan yanka bayan 2007, huhun mutane ya huta, amma mafi yawan wannan aiki ya tafi. A 2004 gwamnatin Lula ta fito da shirin dizal na tsirrai da niyyar shigar da ƙananan manoman zurma, har ta sassauta haraji ga kamfanin da ya saya daga gare su. Niyya ce mai kyau, amma waken suya na manyan gonaki ne ya cika kasuwar, domin shi ne ke samuwa da yawa, da araha, a kan lokaci.

Tsadar abinci: inda dattawanku suka hango

Tsoron dattawanku yana da tarihi. Amurka ta kafa dokar tilasta gauraya itanol a 2005, ta faɗaɗa ta a 2007, har ta kai sama da kashi ɗaya cikin uku na masararta yana tafiya masana'antun mai, ko da yake dusar da ke saura tana komawa abincin dabbobi. A Janairun 2007 mutane suka fita zanga-zanga a Meziko saboda tsadar gurasar masarar da suke ci kullum. A Fabrairun 2008 aka yi tarzoma a Kamaru da Burkina Faso, a Afrilu kuma tsadar abinci ta ci kujerar firaministan Haiti. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin abinci a lokacin, ya kira mayar da abinci mai laifi ga bil'adama.

Masana sun saɓa sosai a kan girman laifin man tsirrai. Wani masanin Bankin Duniya, Donald Mitchell, ya ɗora masa kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na tashin, idan aka haɗa da abubuwan da ya janyo. Cibiyar IFPRI mai binciken manufofin abinci ta ce wajen kashi 30 na tashin farashin hatsi. Gwamnatin Amurka ta ce bai wuce kashi 3 ba. Ni na fi karkata ga na tsakiyar, domin a daidai lokacin gangar mai ta kai dala 147, taki ya yi tsada, fari ya bugi alkamar Ostireliya, shinkafa kuma, wadda kusan ba a yin mai da ita, ta ninka saboda Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da ita. Abin da ya rage tun daga lokacin shi ne farashin masara da sukari da man girki ya ɗauru da farashin fetur, idan wannan ya motsa su ma su motsa.

Za ka ji ana cewa ai tsadar hatsi alheri ce ga manomi. Alheri ce ga mai rarar sayarwa. Ka ƙirga gidajen ƙungiyarku: nawa ne rumbunsu ke kai su sabuwar kaka? Da yawa suna sayarwa da kaka saboda bashi da biki da kuɗin makaranta, sannan su koma awo a tsakiyar damina lokacin da mudu ya fi tsada. Gidan da rabin kuɗinsa ko fiye ke tafiya a abinci, tashin hatsi cinye shi yake yi, ko da sunansa manomi. Haka ɗan ƙwadago, da matar da mijinta ya rasu, da talakan birni. Ko kwanan nan an gani a Indiya: ta kai kashi 10 na gauraya a 2022, ta kai 20 a 2025, manoman masara sun ji daɗin farashi, masu kiwon kaji suka koka, ƙasar da ta saba fitar da masara ta koma shigo da ita. Ƙasar Sin kuwa a 2007 ta dakatar da ba da izinin sababbin masana'antun itanol na hatsi.

Masana'anta ɗaya a yankinku ba za ta girgiza farashin duniya ba. Abin da za ta iya taɓawa shi ne kasuwar ƙauyenku: garin kwaki da alabo su tashi, gonakin dawa su ragu, ƙwadago ya yi tsada a lokacin noman farko.

Bini-da-zugu da filayen da aka ce babu kowa

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne Afirka ta fi shan wuya, kuma kalaman da aka yi wa mutane a lokacin suna kama da waɗanda ake yi muku.

Da aka fara zargin man tsirrai da cin abincin talaka, sai aka ce an sami mafita: bini-da-zugu, wannan da muke shinge da shi. Ba a cin 'ya'yansa, dabba ba ta kiwonsa, kuma aka ce yana yi a ƙasar da ta mutu ba tare da taki ko ban-ruwa ba. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin kashi 10 na makamashin sufuri daga abin da ake sabuntawa, tun a 2007, ta kuma tabbatar da shi a dokarta ta 2009, masu jari suka ga kasuwa tabbatacciya, suka bazu neman fili. Gaskiya ne itacen yana rayuwa a ƙasa maras kyau, amma ba ya ba da 'ya'yan kirki sai ya sami ƙasa mai kyau da ruwa, wato irin wadda ake noman abinci a kai. A lokacin ba a inganta irinsa ba. 'Ya'yan ba sa nuna tare, sai an yi ta kai-komo ana tsinka da hannu. Sai an tara kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami lita ɗaya. Tunkuzarsa kuma guba ce, ba a ba dabba. Sannan gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40 a ƙarshen 2008, bankuna suka ɗaure bakin jaka.

A Tanzaniya, kamfanin Sun Biofuels na Ingila ya karɓi sama da hekta 8,000 daga ƙauyuka 11 na gundumar Kisarawe bisa hayar shekara 99. Ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, wasu suka bar gonakinsu saboda albashi. A 2011 ya durƙushe, aka sallami mutane. Abin da ya fi ciwo shi ne, kafin a ba kamfanin filin sai da aka cire shi daga ƙasar ƙauye aka mayar da shi ƙarƙashin gwamnati, saboda haka rushewar kamfanin ba ta mayar wa mutane da shi ba. A Kilwa, kamfanin BioShape na Holan ya sare daji, ya shuka kaɗan, shi ma ya karye. A Mozambik an ba kamfanin ProCana hekta 30,000 a Massingir a 2007 don rake, a wurin da makiyaya ke kiwo kuma aka tanadar wa mutanen da za a tasa daga gandun dajin Limpopo, sai gwamnati ta soke yarjejeniyar a ƙarshen 2009 bayan an ga babu abin kirki a ƙasa. A arewacin Gana, wani kamfanin Norwe ya share fili, itatuwan kaɗanya da mata ke tsintar kaɗe a ƙarƙashinsu suka tafi. A Fanaye ta Senegal an rasa rayuka a 2011 a rikicin filin da aka ware wa aikin itanol.

Kada ka ce waɗannan 'yan damfara ne kawai. Aikin rake da itanol na kamfanin Addax a Makeni ta Saliyo shi ne ake buga misali da shi: bankunan raya ƙasa, har da Bankin Raya Afirka, sun zuba kuɗi, an yi nazarin muhalli, an gina masana'anta ta gaske, an fara tatsar itanol a 2014. Rake bai yi yadda aka ƙiyasta ba, cutar Ebola ta zo, farashin itanol a Turai ya faɗi. A 2015 aka rage aiki, a 2016 aka sayar. Mutanen da suka ba da hayar ƙasa ta shekara 50 suka zauna babu albashi, gona kuma ba ta hannunsu. Turai ma ta ja baya, a 2015 ta sa iyakar kashi 7 ga man da ake yi da amfanin gona. Kasuwar da doka ta haifa a wata ƙasa, doka na iya rage ta ba tare da an tambayi mai gona ba.

A shekarun nan ni ma na zauna da manoman da wani kamfani ya raba wa irin bini-da-zugu, da alkawarin zai dawo ya saya. Suka cire gero daga wani sashe na gonakinsu suka shuka. Da itacen ya fara 'ya'ya babu wanda ya zo. Na ga buhuna a zaure, ba a ci, ba a ba akuya, babu dillalin da zai taya. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka shuka shi a kan iyaka kawai, matansu suka yi sabulu da man, kamar yadda matan Mali suka daɗe suna yi.

Akwai kalmar da ke maimaituwa a takardun waɗannan ayyuka, cewa filin "ba a amfani da shi". Kai ka san babu irin wannan fili. Saurar da aka bari ta huta ce, ko burtali, ko makiyaya, ko inda mata ke samun itace da ɗorawa da kaɗe da ganyen miya. Masu cin moriyarsa su ne waɗanda ba su da takarda kuma ba a kiransu taro. Idan aka toshe wa shanu hanya za su bi ta gonar wani, kuma ka san abin da ke biyo baya.

Inda abin ya yi amfani

Ba na son ka ɗauka kullum asara ce. Malawi ba ta da teku, kowace lita ta fetur sai ta ratso wata ƙasa. Tun 1982 take yin itanol a Dwangwa, daga baya aka ƙara wata masana'anta a Chikwawa, kuma har yau suna aiki. Sirrin shi ne ba su shuka rake don mai ba. Baƙin ruwan zaƙin da ke saura bayan an fitar da sukari suke tatsa, abin da da ma kusan zubarwa ake yi. Haka masana'antar sukari ta Kenana a Sudan ta yi a 2009, haka Habasha ta yi a Finchaa da Metehara. Masana'antar da ke da sukari da itanol da lantarki tana da ƙafa uku, idan ɗaya ta yi rauni sauran su riƙe ta. Ko a Dwangwa, da aka zo faɗaɗa gonakin rake an yi rigimar fili.

Indonesiya ita ce babbar hujjar masu goyon baya. Wajen kashi 40 na gonakin kwakwar manja na ƙananan manoma ne, kuma bincike ya nuna talauci ya fi saurin raguwa a gundumomin da noman ya bunƙasa. Gwamnati ta kai gaurayen dizal kashi 30 a 2020, kashi 35 a 2023, kashi 40 a 2025. Amma ka lura manja abinci ne da duniya ke saye ko babu dizal, manomin kuma gonarsa tasa ce. Kuɗin da aka biya shi ne dazuzzuka, da hayaƙin gobarar 2015, da ƙasar ƙabilun da ba su da takarda. A 2022 man girki ya yi wahala a ƙasar da ta fi kowa manja, har aka hana fitar da shi na 'yan makonni.

Masanan da suka yi lissafin kwamfuta kan Mozambik, Channing Arndt da abokan aikinsa, sun gano sana'ar na iya ƙara bunƙasar arziki ta rage talauci, kuma tsarin da ƙananan manoma ke noma a gonakinsu ya fi babbar gonar kamfani amfanar talaka, domin kuɗin ƙasa da na ƙwadago duk suna shiga gidansa. Na yarda da alƙiblar sakamakon. Sai dai irin wannan lissafi yana ɗauka amfanin gona zai yi yadda aka ƙiyasta kuma kamfani zai ɗore, su ne kuwa abubuwa biyun da suka fi cin amana.

Lissafin rogo a Najeriya

Najeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai a 2007, da burin gauraya kashi 10 na itanol a fetur, aka ɗora wa NNPC jagoranci. An sa hannu a yarjejeniyoyi da jihohi da dama, har da taku ta Kebbi, amma har yau ba ka tsayawa a gidan mai ka sayi wannan gauraye. Babban dalili shi ne tallafin fetur: a lokacin babu mai yin itanol da zai iya gasa da man da gwamnati ke biyan wani kaso na kuɗinsa. Cire tallafin a Mayun 2023 ya sauya lissafin, shi ya sa maganar ta sake tasowa.

Yanzu koma kan lita 160 ɗin nan. A ɗauka, don misali kawai, tan na rogo naira 100,000 ne a bakin masana'anta. Kuɗin rogo kaɗai a cikin kowace lita ya zama naira 625, ba a sa wuta da ma'aikata da bashin banki ba. Itanol kuma ƙarfinsa kashi biyu cikin uku na fetur ne. Ka sa farashin tan na rogo a kasuwarku na yau ka raba da 160, ka kwatanta da kuɗin litar fetur, za ka ga ko masana'anta za ta iya biyan wannan farashi. Daga nan rigima ke tasowa. Shekarar da garin kwaki ya yi tsada, manoma su kai wa masu tuya, masana'anta ta tsaya. Shekarar da rogo ya yi yawa, masana'anta ta karya farashi, kuma ba ka da ta-cewa, tunda rogon da aka tone ba ya wuce kwana biyu zuwa uku. Na sha ganin mota cike da rogo ta kwana a layin sikeli, da safe a ce ya fara baƙi, a zaftare kuɗin. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma hekta ɗaya ba ta kai tan 10 a matsakaici, alhali Tailan na samun wajen 20. Hanya ɗaya da manomi da masana'anta za su ci riba tare ita ce hektar ta ƙara haihuwa. Kamfanin da bai zo da ingantaccen iri da malaman gona da garma ba, ribarsa daga farashinku zai cire ta.

Wani abu da ya kamata mambobinku su sani: yawancin itanol da ake saye a Najeriya yau na masu magani ne da turare da kuma masu giya, ba na mota ba. Ku tambaya ƙarara ina nasu zai tafi, ku kai wa malamanku maganar tun da wuri.

Abin da nake ba ku shawara

Kada ku sayar da ƙasa, kada kuma ku yarda a soke haƙƙinku a kanta a mayar wa kamfani. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, kuma idan aka karɓe ta, diyyar da ake biya ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba da fiye da hekta 500 don noma sai da yardar gwamna, saboda haka idan aka ce muku an gama magana da wani babba, ku nemi ganin takarda. Mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ba su manta da madatsar ruwa ta Bakolori ba, inda rigimar diyya ta kai ga zubar da jini a 1980. Wanda ya ba da gona don albashin masana'anta ya saki reshe ya kama ganye, domin aikin gini na shekara ɗaya ko biyu ne, na gona na lokaci-lokaci ne, na cikin masana'anta kuma kaɗan ne kuma mai takarda ake nema. Ku ce su rubuta adadin ayyukan dindindin, ku kwatanta da yawan bakunan da filin ke ciyarwa yanzu.

Idan dole sai sun sami filin gina masana'anta da gonar iri, ya zama kaɗan, haya ce mai gajeren wa'adi da ake sabunta kuɗinta, a ba da shi kashi-kashi gwargwadon abin da suka noma, kuma a rubuta cewa idan aiki ya tsaya na wani lokaci ƙayyadadde fili ya koma hannun masu shi, ko da an sayar da kamfanin ko banki ya karɓe shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da mutanen Kisarawe suka rasa. A zauna da mata da makiyaya kafin a ja layi, a fitar da burtali da mashaya.

Tsakanin rogo da rake, rogo ya fi muku sauƙin fita, domin idan kamfani ya saɓa kuna da masu gari da alabo, kuma yana iya jira a ƙasa. Rake na masana'anta mai saye ɗaya gare shi, yana shekara a gona, yana shan ruwa da rani, don haka ku tambayi daga wane kogi za a ja da kuma su wa ke ƙasa da ku. Ku tambayi inda za a zubar da dagwalon, domin kowace lita ta itanol tana barin lita 10 ko fiye na ruwa mai wari da ke kashe kifi. Farashi kada ya zama adadi ɗaya da aka daskarar. A ɗaure shi da farashin wata kasuwa da kuka sani, a sa ƙasan da ba zai faɗa ba, a sa wa'adin biya, ku sami mutuminku a bakin sikeli, asarar jinkirin mota kuma ta hau kan mai motar. Ku ma ku riƙe amana: wanda ya karɓi taki da iri bashi ya kai rogon wani wuri, shi ke kashe tsarin ga kowa. Kowane gida ya fara ware gonar abincinsa, kuma kada a taɓa gayaunar mata.

Daga nesa nake magana, ban taka ƙasarku ba, ban kuma karanta takardar da aka kawo muku ba. Ku nemi lauya naku na kanku, ba wanda kamfani ya ɗauko ba, ku sa malamin gona ya duba ƙasar. Ku tambaye su wace masana'anta suka taɓa gudanarwa, ku tura mutum biyu ko uku su je su yi hira da manoman wurin ba tare da ɗan rakiya ba. Sannan ku ce a fara da gwaji na damina ɗaya a gonakin 'yan sa-kai, su saya su biya, ku auna abin da hekta ta bayar da abin da ya rage bayan an cire bashi, kafin a buɗe maganar fili.